Tarihin Albert Trott (1873–1914), Gwanin Jifa a Wasan Kurket

Gabatarwa

Hausawa kan ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Masu sha'awar wasanni sun yarda da wannan karin magana ƙwarai, shi ya sa duk ran da sabon yaro ya fito fili ya yi bajinta a karonsa na farko, nan da nan sai a shiga yi masa kirari, a ce wane ya sami magaji. Manufar wannan maƙala ita ce a kawo tarihin wani mutum wanda Larabarsa ta fi ta kowa kyau a fagen wasan kurket, amma Juma'arsa ta zo da wani abu dabam. Sunansa Albert Edwin Trott, mutumin ƙasar Ostareliya. A watan Janairu na 1895, a wasansa na farko na ƙasa da ƙasa, ya fitar da 'yan wasan Ingila 8 a turmi guda, maki 43 kaɗai aka ci a kansa. Fiye da shekara 125 ke nan, ba a sami sabon shiga da ya yi abin da ya fi wannan a turmi ɗaya ba. Duk da haka wasa 5 kacal ya buga na ƙasa da ƙasa, ya kuma mutu yana da shekara 41, cikin ciwo da rashi. Za a duba asalinsa, da bajintar tasa, da abin da ya biyo bayanta, sa'an nan a gwada shi da takwarorinsa don a ga abin da nasarar ranar farko take nunawa game da ɗan wasa.

Yadda Ake Wasan Kurket

Da yake ba kowane mai karatu ne ya saba da wannan wasa ba, ya kamata a ɗan yi bayaninsa a taƙaice. Asalin kurket daga Ingila yake, ya kuma bi Turawan Ingila zuwa ƙasashen da suka mallaka. Ƙungiya biyu ke karawa, kowace da mutum 11. A tsakiyar fili akwai wata doguwar farfajiya mai tsawon yadi 22, a kowane ƙarshenta an kafa turaku uku. Ƙungiya ɗaya ta aiko da mutum biyu riƙe da kulki mai faɗi su tsare turakun, ɗaya ƙungiyar kuwa ta ba da mai jifa, sauran su bazu cikin fili don tare ƙwallo. Mai jifa yakan sheƙo a guje ya wurgo ƙwallon ba tare da ya lanƙwasa gwiwar hannunsa ba, da nufin ya bugi turakun. Mai kulki kuwa ya doke ƙwallon, shi da abokinsa su yi musanyar wuri da gudu, kowace musanya maki ɗaya.

Ana fitar da mai kulki idan ƙwallo ya bugi turakunsa, ko aka cafe dukansa a sama kafin ya taɓa ƙasa, ko ya tare ƙwallon da ƙafa a gaban turakun, da wasu hanyoyi kaɗan. In an fitar da mutum 10, turmi ya ƙare, sai a juya. A babban wasa na ƙasa da ƙasa, wanda ake kira Tes, kowace ƙungiya tana da turmi biyu, akan kuma kwashe kwanaki ana fafatawa. Ana auna gwanintar mai jifa da yawan mutanen da ya fitar da kuma ƙarancin makin da aka ci a kansa. Wanda ya fitar da mutum 5 a turmi ɗaya ya yi abin yabo. Wanda ya fitar da 8 kuwa, kusan shi kaɗai ya cinye ƙungiya guda.

Asalinsa da Tasowarsa

An haifi Albert Trott ran 6 ga watan Fabrairu, 1873, a unguwar Abbotsford ta birnin Melbourne, cikin lardin Victoria. A lokacin nan Ostareliya ba ta haɗu ta zama ƙasa ɗaya ba tukuna, larduna ne dabam-dabam a ƙarƙashin mulkin Ingila, sai a 1901 suka haɗe. Mahaifinsa akanta ne, haifaffen tsibirin Antigua, gidansu kuwa gidan 'ya'ya takwas ne. Yayansa Harry Trott, wanda ya girme shi da shekara shida da rabi, ma'aikacin gidan waya ne, kuma tun 1888 yake buga wa Ostareliya wasa. Saboda haka Albert ya buɗe ido ya tarar da kurket a cikin gidansu.

Ya tashi ƙaƙƙarfan saurayi mai faɗin ƙirji da manyan tafukan hannu, har ƙwallo kan ɓace a cikin hannunsa. Ana ba da labarin cewa yakan ajiye akwatin katako a gaban turaku a matsayin mai kulki, ya yi ta jifa yana murza ƙwallon da yatsu, har sai ya dira ƙasa ya kewaye akwatin ya bugi turakun. Da wannan naci ya mallaki jifa iri-iri. Yana da mai matsakaicin sauri wanda kan karkato ciki bayan ya dira, yana da na a-hankali mai yaudarar ido, sa'an nan yana da wani mai tsananin sauri da yakan aika dab da yatsun ƙafar mai kulki ba zato ba tsammani. Hannunsa kuma ba ya ɗagawa sama sosai kamar na sauran masu jifa, daga gefe yake fitowa, abin da kan sa ƙwallon ya yi lanƙwasa a cikin iska. Wasanni kaɗan ya buga wa Victoria kafin a kira shi ƙungiyar ƙasa.

Karawar Adelaide ta 1895

A ƙarshen 1894 ƙungiyar Ingila ta sauka Ostareliya a ƙarƙashin jagorancin Andrew Stoddart don buga wasa biyar na gasar nan da ake kira Ashes, watau Toka, wadda ƙasashen biyu ke yi tsakaninsu. Wasan farko a Sydney ya ba mutanen Ostareliya takaici. Sun ci maki 586 a turmin farko, kowa ya ɗauka an gama, sai ruwan sama ya ɓata farfajiya a daren ƙarshe, Ingila ta yi nasara da ratar maki 10. A wasa na biyu a Melbourne ma Ingila ce ta ci, da ratar maki 94. In Ostareliya ta sake faɗuwa, gasa ta tafi ke nan. Cikin wannan hali ne aka yi wa ƙungiyar garambawul, aka shigo da Albert Trott, yana da shekara 21, ya haɗu da yayansa Harry a ƙarƙashin kyaftin George Giffen.

An fara wasa na uku a Adelaide ran 11 ga Janairu, 1895, a tsakiyar bazarar ƙasar, cikin zafi mai tsanani wanda ya galabaitar da baƙin. Ostareliya ce ta fara duka, ba ta kuwa ji da daɗi ba a hannun Tom Richardson, gwanin jifa mai sauri na Ingila. An fitar da mutum 9 maki bai wuce 157 ba. Trott, wanda aka sa na goma a jeri, ya haɗu da Sydney Callaway, na ƙarshe, suka ƙara maki 81 su biyu. Turmi ya ƙare a 238, Trott yana da 38 ba a fitar da shi ba. Da Ingila ta karɓi kulki, Giffen da Callaway suka raba ta biyar-biyar, ta tsaya a 124. Trott bai sami damar jifa sosai a wannan turmi ba, bai kuma fitar da kowa ba.

A turmi na biyu Frank Iredale ya ci 140, Trott ya sake zuwa can ƙarshe ya ci 72, nan ma ba a fitar da shi ba. Ostareliya ta tara 411, ya zama Ingila na bukatar maki 526 kafin ta yi nasara. A nan ne Giffen ya danƙa wa saurayin ƙwallo ya bar shi da shi. Farfajiyar ta riga ta sha rana da sawun ƙafa na kwanaki, ta fara tsattsagewa, irin wadda mai murza ƙwallo ke so. 'Yan wasan Ingila kuwa ba su gama sanin hannunsa ba, ba su iya rarrabe jifan da zai juya da wanda zai zo a miƙe. Trott ya yi jifa 162, ya fitar da mutum 8 a kan maki 43. Bobby Peel, wanda jifansa ya ba Ingila nasara a Sydney, bai ci ko maki ɗaya ba a turmi biyun. Kyaftin Stoddart ne kaɗai ya tsaya har ƙarshe yana kallon mutanensa suna fita ɗaya bayan ɗaya. Ingila ta ƙare a 143, Ostareliya ta ci wasa da ratar maki 382.

In aka haɗa lissafi, a wasansa na farko Trott ya ci maki 110 ba a fitar da shi ko sau ɗaya ba, ya kuma fitar da mutum 8. A wasa na huɗu a Sydney ya ci 85, har yanzu ba a fitar da shi ba, Ostareliya ta sake yin nasara, gasa ta koma biyu da biyu. Sai a wasa na biyar a Melbourne aka samo kansa, ya ci 10 da kuma sifiri, Ingila ta ɗauki gasar da ci uku da biyu bayan J. T. Brown ya ci 140. A wasa ukun nan Trott ya tara maki 205, sau biyu kaɗai aka fitar da shi, watau matsakaicin makinsa 102.5 ke nan. Wannan adadi ya ɗara na Don Bradman, wanda ya bar wasa da 99.94, ko da yake ba a gwada wasa 3 da wasa 52.

Yadda Aka Bar Shi a Baya

A 1896 Ostareliya za ta kai ziyarar ramuwa Ingila, kowa kuwa ya sa rai sunan Albert Trott na cikin na farko-farko. Amma a kakar wasan da ta gabaci tafiyar hannunsa ya yi sanyi, bai yi abin kirki ba a wasannin larduna, masu zaɓe suka tsallake shi. Abin da ya ƙara wa al'amarin ɗaci shi ne yayansa Harry ne 'yan wasan suka zaɓa ya zama kyaftin ɗin tafiyar. An ce mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya, amma ga Albert da ɗan'uwa a kan gaba, bai sami ko gurbi ba. Masana tarihin wasan da yawa suna lissafa wannan a cikin manyan kurakuran da masu zaɓen Ostareliya suka taɓa yi, domin kakar wasa ɗaya maras kyau ta shafe abin da aka gani da ido a Adelaide da Sydney.

Trott bai zauna jiran wata shekara ba. Da ƙarfafawar Jim Phillips, wani ɗan Ostareliya mai wasa da alƙalanci wanda ke kai da komowa tsakanin ƙasashen biyu, ya shiga jirgin ruwa ya nufi Ingila a wannan shekara ta 1896. Ya sami aiki a filin Lord's na birnin Landan, a cikin ma'aikatan ƙungiyar MCC masu yi wa membobi jifa a wurin horo. Daga nan bai sake buga wa Ostareliya wasa ba har ya mutu.

Ya kamata a lura da matsayin da ya shiga. A Ingila ta wancan zamani 'yan kurket kashi biyu ne. Akwai masu hali, waɗanda ke wasa don sha'awa, su ne kan riƙe shugabanci. Akwai kuma masu cin abinci da wasan, waɗanda ake biya lada, ɗakin sa kayansu dabam, a wasu filaye ma ƙofar shigarsu dabam. Trott yana cikin kashi na biyu. Ƙarfinsa shi ne jarinsa, ran da ƙarfin ya ƙare kuwa babu fansho.

Shekarun Ganiyarsa

Dokar wancan lokaci ta ce sai baƙo ya zauna shekara biyu a gunduma kafin ya buga mata wasa, don haka sai a 1898 Trott ya fara buga wa gundumar Middlesex. Ko da yake rauni a hannu ya hana shi wasa a farkon kakar, ya fitar da mutum fiye da 100, shi da abokin jifansa J. T. Hearne suka zama abin tsoro ga sauran gundumomi. Littafin shekara-shekara na Wisden ya sa shi cikin gwanayen shekara a fitowarsa ta 1899.

Ya bi ƙungiyar Lord Hawke zuwa Afirka ta Kudu, a farkon 1899 ya buga wa Ingila wasa biyu, ɗaya a Johannesburg ɗaya a Cape Town, ya fitar da mutum 17. Da haka ya shiga jerin mutum biyar da suka taɓa buga wa Ostareliya da Ingila duka wasan Tes, shi ne kuma na ƙarshensu. Waɗannan wasanni biyu su ne ƙarshen rabonsa a fagen ƙasa da ƙasa. Jimlar abin da ya yi a wasa 5 ita ce maki 228, da mutum 26 da ya fitar, kowane a kan maki 15.

Abin mamaki shi ne a daidai lokacin da aka daina kiransa ne ya fi kowane lokaci ƙwarewa. A kakar 1899 ya ci maki 1,175 ya fitar da mutum 239. A ta 1900 ya ci 1,337 ya fitar da 211, a cikinsu har da ranar da ya fitar da dukan mutum 10 na gundumar Somerset a garin Taunton a kan maki 42. A shekarun nan biyu da wuya a nuna wanda ya fi shi haɗa jifa da duka a duniya. Amma Ostareliya ta riga ta sallama shi, Ingila kuma ba ta sa shi ya kara da ƙasar haihuwarsa ba lokacin da 'yan Ostareliya suka zo a 1899. Ya zama kamar jemage, tsuntsaye ba su ɗauke shi nasu ba, dabbobi ma haka. 'Yan kallon Lord's dai sun ƙaunace shi saboda barkwancinsa da ƙarfin dukansa, suna kiransa Alberto. Yana kuma cikin ƙungiyar Middlesex da ta ci gasar gundumomi a 1903.

Dukan da Ya Tsallake Bene

Ran 31 ga Yuli, 1899, ƙungiyar MCC ta kara da 'yan Ostareliya masu ziyara a filin Lord's, Trott yana ɓangaren MCC. A gefe ɗaya na filin akwai wani dogon bene na jan bulo, wanda aka gama ginawa a 1890, inda membobi ke zama su yi kallo. Monty Noble ya yi masa jifa, Trott ya ɗaga kulkinsa mai nauyi ya maka wa ƙwallon duka. Ƙwallon ya tashi ya haye rufin benen, ya taɓa bututun hayaƙi, ya faɗa a bayan ginin. Tun daga ranar har yau ba a tabbatar da wani ya sake tsallake wannan bene da duka ba, duk da cewa kulake na zamani sun fi na da inganci nesa ba kusa ba. Ga wanda aka ƙi ɗauka shekara uku da suka wuce, babu amsar da ta fi wannan, tun da a kan 'yan ƙasarsa ya yi ta.

Sai dai wannan duka ya zame masa alaƙaƙai. Waɗanda suka san wasansa sun lura cewa daga baya ya ɗora wa kansa burin maimaita shi. Ya riƙa amfani da kulki mai nauyin kusan laba uku, wanda ya fi na sauran 'yan wasa, yana kai wa kowane jifa duka iyakar ƙarfinsa ko ya dace ko bai dace ba, 'yan kallo kuwa suna zuga shi. Mutumin da a Adelaide da Sydney aka yi turmi uku ba a iya fitar da shi ba, sai ya koma wanda kan ci maki kaɗan a cafe shi. Garin neman ƙiba ya samo rama.

Jifansa ma ya soma ja da baya bayan 1901. Jiki ya yi nauyi, ga yawan shan giya, wadda masoya kan saya masa a bakin fili da bayan an tashi. Kafaɗa ta daina ba shi jifan nan mai sauri wanda shi ne makaminsa na ɓoye, da masu kulki suka gane haka kuwa sai suka daina shakkar sauran dabarunsa.

Wasan Ajo na 1907

Al'adar gundumomin Ingila ce idan ɗan wasan da ake biya ya daɗe yana bauta musu, sai a ware wasa guda a ba shi kuɗin ƙofa, kamar dai yadda makaɗi kan kira ajo idan bukata ta taso masa. Wannan kuɗi shi ne guzurin tsufansa. Middlesex ta ba Trott wasanta da Somerset a Lord's a watan Mayu na 1907, a lokacin hutu, sa'ad da ake sa ran taro. Amfanin mai ajo shi ne wasa ya yi tsawo, ya cika kwana ukunsa, jama'a su yi ta shigowa suna biya.

A rana ta uku Somerset na bukatar maki 264, ta kuma fara da kyau, alamu sun nuna za a kai yamma ana fafatawa. Aka ba Trott ƙwallo, sai tsohon hannu ya dawo. Ya fitar da mutum huɗu da jifa huɗu a jere, a cikinsu har da Sammy Woods, wanda shi ma haifaffen Ostareliya ne da ya buga wa ƙasashen biyu. Jim kaɗan ya sake fitar da mutum uku da jifa uku a jere. Fitar da mutum uku a jere abu ne da mai jifa kan yi shekaru bai samu ba, shi kuwa ya yi sau biyu a turmi ɗaya, abin da ba a taɓa gani ba kafinsa, ba a kuma sake gani ba sai a kakar 1963 zuwa 1964, daga wani ɗan Indiya mai suna Joginder Rao. Somerset ta ƙare a 97, Trott ya fitar da 7 a kan maki 20. Wasa ya tashi tun kafin 'yan kallon yamma su iso, kuɗin da za su biya kuwa aljihunsa za su shiga. Da hannunsa ya daɓa wa cikinsa wuƙa, a ranar da ya yi bajintar da ta fi kowace tun bayan shekarun ganiyarsa.

Ƙarshen Rayuwarsa

Trott ya bar wasa a 1910. A manyan wasanni 375 da ya buga ya ci maki 10,696, ya fitar da mutum 1,674, ya cafe ƙwallo 452. Bayan nan ya koma alƙalancin wasa, amma lafiya ba ta bar shi ya daɗe a kai ba. Ciwon kumburi ya kama shi, irin wanda ruwa ke taruwa a jiki, har tsayuwar fili ta gagare shi. Aurensa ya riga ya mutu, yana zaune shi kaɗai a ɗakin haya a arewa maso yammacin Landan. Yayansa Harry yana can Ostareliya, shi ma ya sha fama da taɓin hankali tun 1898, har ya kwanta asibiti kafin ya sami sauƙi.

A watan Yuli na 1914 aka kwantar da Albert a asibiti, bayan 'yan kwanaki ya matsa sai ya koma gida. Ran 30 ga watan ya kashe kansa da bindiga a ɗakinsa, saura kwana ɗaya dukan nan na Lord's ya cika shekara 15. Ya rubuta wasiyyarsa a bayan takardar mai wanki, ya bar wa matar da ke ba shi haya kabad ɗin tufafinsa da fam 4. Bayan kwana biyar Ingila ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, labarin mutuwarsa ya nutse cikin labarin yaƙi. An binne shi a wata maƙabarta da ke Willesden, kabarin ya zauna babu alama har 1994, lokacin da ƙungiyar Middlesex ta kafa masa dutse.

Trott da Takwarorinsa

In aka duba sauran waɗanda suka yi fice da jifa a wasansu na farko, za a ga sun rabu gida biyu. A gida na farko akwai waɗanda farkon ya zame musu harsashi. Clarrie Grimmett na Ostareliya ya fitar da mutum 11 a kan maki 82 a 1925, ya ci gaba har ya tara 216 a wasa 37. Alec Bedser na Ingila ya fara da 11 a kan 145 a karawa da Indiya a 1946, ya ƙare da 236. Alf Valentine, ɗan tsibirin Jamaika, ya fitar da 8 a kan 104 a turminsa na farko a 1950, ya buga wasa 36.

Gida na biyu shi ne na Trott. Fred Martin na Ingila ya fitar da 12 a kan 102 a 1890, wasa ɗaya kaɗai ya ƙara bugawa. Charles Marriott ya fitar da 11 a kan 96 a 1933, ba a sake kiransa ba. Bob Massie na Ostareliya ya fitar da 16 a kan 137 a Lord's a 1972, wasa 6 ya buga duka-duka. Narendra Hirwani na Indiya ya ɗara shi da maki ɗaya a 1988 a birnin Madras, 16 a kan 136, wanda shi ne adadi mafi kyau na sabon shiga a wasa guda, amma bai wuce wasa 17 ba. Jason Krejza ya fitar da 8 a turminsa na farko a Nagpur a 2008, wasa 2 ya buga.

Dalilin wannan ba ɓoyayye ba ne. Sabon mai jifa yana da makamin da ba zai sake samu ba, watau rashin saninsa da abokan karawa suka yi. Sau da yawa kuma yakan dace da farfajiya ko yanayin da ya yi daidai da hannunsa, kamar tsattsagaggiyar ƙasar Adelaide ga Trott, ko lumshin sararin Landan da ya taimaki Massie wajen lanƙwasa ƙwallo a iska. Bayan ranar farko masu kulki sukan zauna su yi nazarinsa, masu zaɓe kuma sukan auna duk abin da ya yi daga baya da wannan rana, su ga ya gaza. Sai dai Trott ya bambanta da yawancin 'yan gidansa ta fuska ɗaya. Su hannunsu ne ya yi sanyi, ko suka tarar da waɗanda suka fi su a gaba. Shi kuwa ya tabbatar a 1899 da 1900 cewa abin da ya yi a Adelaide ba sa'a ba ce, ƙofar ce aka rufe masa tun bai kai ganiyarsa ba.

Kammalawa

An ga yadda Albert Trott ya fito daga Melbourne ya girgiza Ingila a wasansa na farko, da yadda ƙasarsa ta tsallake shi bayan shekara ɗaya, da yadda ya koma Landan ya bar abubuwan tarihi waɗanda biyu daga cikinsu, jifan Adelaide da dukan Lord's, har yau ba a shafe su ba. An kuma ga cewa babu ɗaya daga cikin bajintocin nan da ya amfane shi yadda ya kamata. Na Adelaide bai sama masa gurbi a tafiyar 1896 ba, na Lord's ya ɓata masa salon dukansa, na ranar ajo kuwa ya rage masa guzuri. Laifin wani ɓangare nasa ne, domin bai tattala jikinsa ba. Wani ɓangaren na masu zaɓe ne, da kuma tsarin da ke cin moriyar ɗan wasa yana da ƙarfi, ya bar shi da wasa guda a matsayin fansho. Littattafan lissafin kurket suna ajiye adadi ne kawai, kuma a cikinsu sunan Trott na nan a saman jerin sababbin shiga, mutum 8 a kan maki 43. Mai nazarin tarihi kuwa wajibi ne ya haɗa wannan adadi da ɗaya adadin da mutumin ya bari, watau fam 4 da ke rubuce a bayan takardar mai wanki.